Shaidar da Tabawa Ba Ta Kawo Ba

A wani zamani, attajiran birane bakwai ne ke yanka wa ƙasa duka farashin hatsi, kujerunsu na majalisa kuma gadon kakanni ne. Manoman Kwarin Gawo suka gaji, suka aiki Tabawa, mai awo a kasuwarsu, ta nemo musu kujera.

Madugu Barau, shugaban majalisar, ya dube ta a wulaƙance. "Kujerun nan na manyan garuruwa ne. Ki tabbatar mana garinku babba ne, amma ban da kawo kaya, ban da lissafi, ban da shaida."

Tabawa ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, na haƙura. Ƙauye ne mu, ba a bakin komai muke ba."

"Ashe kin sani."

"To tunda haka ne, bana za mu rufe rumbunanmu, mu ci ɗan geronmu. Ba za ku ma lura ba."

Madugu ya zabura har rawaninsa ya karkace. "Kina hauka? In kuka rufe, biranen nan bakwai yunwa za ta kashe su kafin kaka!"

"Jama'a kun ji," in ji Tabawa. "Ni ban kawo shaida ba, a nan na tarar da ita. Ina zan zauna?"

Wakilin wani birni da ganuwa kaɗai ta rage masa ya ƙanƙame kujerarsa da hannu biyu. Tabawa ta nufe shi tana murmushi.

"Baba, matsa kaɗan. Geronmu ne ya ba ka ƙarfin riƙe ta."