Hantar Aladen Nyalau

A wani dogon gida mai ɗauke da iyalai da yawa a bakin kogin Rajang an yi wani mutum mai suna Nyalau. Ba mugu ba ne, amma Allah Ya zuba masa maƙo. Abin da ya shiga hannunsa ko ya ruɓe ba ya zubarwa.

Matarsa Selaka, uwar ɗansu Mujah, ta daɗe tana jinya. Dattawa suka sa ranar da za a yanka alade a duba hantarsa, a ga ko za ta tashi. Nyalau ya ware alade guda yana kiwo. Ana nan ruwa ya jiƙa masa masara buhu uku, duk ta yi funfuna. Malamin dabbobi ya ce ya binne ta, domin dafinta a hantar dabbar da ta ci yake taruwa, wuta ba ta kashe shi, har mai cin naman yana kamawa. Nyalau ya ce to. Mutumin na juya baya, ya shanya ta a ɓoye, ya riƙa gaurayawa da dusa yana ba aladen.

Ranar yanka aka fito da Selaka baranda, an yi mata kwalliya, har da ɗan murmushinta. Tsoho Unting mai duba ya ɗora hantar a ganye. Ta kumbura, ta yi ɗorawa, ga tabo ko'ina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ta, ya ce a binne naman, kada kowa ya taɓa.

Kowa ya gane hantar ta nuna ba za ta tashi ba, Selaka ma ta gane. Nyalau kuwa ya san dalili sarai, amma ya dubi idon jama'a, kunya ta ɗaure masa baki.

Daga ranar Selaka ta daina cin abinci, ta ture magani. Sai a kwana na shida Nyalau ya durƙusa gabanta yana kuka, ya faɗa mata komai.

Ta shafa kansa ta ce, "Baban Mujah, na gode. Amma kada ka yi wa kanka ƙarya don ka lallashe ni."

Ya yi rantsuwa, ya jawo buhunan ya nuna mata. Ta dai girgiza kai. Wata bai cika ba ta rasu, tana ganin mijinta tausayinta kawai ya ji.

Mai karatu, abincin da ya yi funfuna dafi ne, kada ka ba dabbarka, domin jikinka zai dawo. In kuma ka yi kuskure, faɗi a kan lokaci. Gaskiyar da ta makara, ko wanda ya fi ƙaunarka ba lallai ya karɓe ta ba.