Abin da Aka Leƙo ta Kafar Zana

Akwai wani makiyayi a wani ƙauye wanda ba shi da tunkiya ko ɗaya ta kansa. Mutane ne suke ba shi nasu ya kai kiwo, da kaka kuma su auna masa hatsi. Da wannan yake ciyar da iyalinsa.

Wata rana wata tunkiya ta faɗa gona ta ci tohon dawa, cikinta ya kumbura kamar ganga, numfashi ya gagare ta. Makiyayin ya kwantar da ita a bayan wani gida, ya zaro wuƙa ya huda gefen cikinta don iskar ta fita, gama haka ake ceton dabba in abin ya kai nan. Ashe matar gidan tana leƙe ta kafar zana. Wuƙa ta gani da ɗan jini, ba ta tsaya ganin sauran ba. Ta ruga bakin rijiya tana ihu, "Jama'a, yanka mana tumaki yake yi! Da idona na gani!"

Kafin ya koro garke gida, labari ya riga shi. Kowa ya zo ya janye dabbarsa, har waɗanda ba su san mafarin zancen ba, su ne ma suka fi zafi. Makiyayin ya ce wa dattijon ƙauyen, "Baba, ga tunkiyar can tana cin ciyawa, a duba mana."

Dattijon ya ce, "Ɗana, gari duka ya faɗa. Ni wane ne?"

Ba wanda ya juya ya duba. Makiyayin ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya kwashe iyalinsa ya bar ƙauyen. Bayan kwanaki matar ta ga tunkiyar lafiya lau, sai ta raɗa wa maƙwabciyarta cewa wataƙila ba ta gani da kyau ba. Maganar ba ta wuce su biyu ba.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Kafar zana ita ce wayar da ke hannunka, guntun abu take nuna maka. Bakin rijiya shi ne inda kake tura hoton wani malami ko wata ma'aikaciyar jinya, kana cewa a kore su. Ubangiji zai tambaye ka abin da yatsanka ya tura, kamar yadda zai tambaye ka abin da bakinka ya faɗa. In kuwa ka gane ka yi kuskure, koma inda ka yi ihun ka gyara da irin wannan muryar. Matar nan da gaske ta ga wuƙa, amma 'ya'yan makiyayi sun kwana da yunwa.