Masu Jiran Inna Tasalla a Bakin Danga

Ku gyara zama. Wanda ya san zai katse ni ya tashi tun yanzu, don ba na maimaita magana. In na kai ƙarshe akwai tambaya, kuma ba mai ɗagawa daga nan sai ya amsa.

A wani gari da ke bakin gulbi an yi wata mata ana ce mata Inna Tasalla. Ita ce mai wankan gawar mata a garin, shekara talatin da ɗoriya, kuma ba a taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a jikin mamaciya ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya uku. Akwai Marka, 'yar fari, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida tana sana'ar daddawa. Akwai Nomau, mai tura gadon marasa lafiya a babban asibitin birni. Sai auta Hajo, da ke aure a wani ƙauye, shekara huɗu ba haihuwa. Inna mutumiyar da ce, mai alkunya. Tun da ta haifi Marka bakinta bai taɓa kama sunanta ba. "Ke 'yar nan," iyakarta ke nan.

Ciwon daga ƙafa ya fara. In ta miƙe sai ta ji tafin ƙafarta ya manne da ƙasa kamar ta taka ƙaro, sai ta yi ta ja da ƙyar. Mutane suka ce sammu ta taka. Da damina ta zagayo fitsari ya fara kuɓuce mata, ita da ba ta rabuwa da alwala. Bayan wannan mantuwa ta shigo. Ta manta inda randa take, ta manta raka'o'in azahar. Wata rana Marka na dakan kalwa sai ta ji an ce a bayanta, "Marka." Taɓarya ta faɗi daga hannunta. Muryar ta uwarta ce, amma ta san uwarta ba za ta faɗi wannan sunan ba ko da wuƙa a wuya.

Daga nan baƙin suka fara zuwa. Ba sa zuwa sai rana tsaka, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, kaji su yi shiru. Inna za ta ɗaga kai ta gan su jere a bakin danga, matan da ta wanke, kowacce cikin farin ƙyalle, gashinsu bai bushe ba. Ba sa magana, ba sa kuma ba ta tsoro. Abin da take ji kawai shi ne aiki na jiran ta. Sai ta ja jiki zuwa murhu ta ɗora ruwa, ta tsinko ganyen magarya, ta shimfiɗa tabarma, ta riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta na jin sunayen iyayensu da suka rasu suna fitowa ta tsakanin zana. Ran nan ta kira Yalwa mai koko, wadda da safiyar nan ta wuce da ƙwaryarta a ka. Kafin Juma'a Yalwa ta kwanta ba ta tashi ba. Tsohuwa ce mai hawan jini, amma ba wanda ya tuna da wannan. Mutane suka sauya hanya, masu sayen daddawa suka ɗauke ƙafa.

To, ku ji abin da kowanne cikin 'ya'yan ya yi, kamar yadda aka ba Inna labari daga baya.

Marka ce ta zauna. Shekara uku tana wanke uwarta, tana wanke shimfiɗarta, tana ba ta fura a baki da ludayi. Sau biyu ta ciro ta daga kan garwashi, sau ɗaya ta tsamo ta daga bakin gulbi ruwa ya kai mata gwiwa. Ba don ita ba, da tuni an yi arba'in an manta. Amma ba zan ɓoye muku ba, bayan ta tsamo ta daga gulbi sai ta riƙa ɗaure mata ƙafa da igiya a jikin turke, kamar akuya, in za ta shiga ɗaki. Kuma duk wanda ya ambaci asibiti sai ta hau shi da faɗa. A ganinta matattu ne ke kiran uwarta, kuma ba a kai wa likita ƙarar matattu.

Nomau kuwa da mantuwar ta shigo ya zo sau ɗaya. Uwarsa ta dube shi ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema? Masu gidan ba sa nan." Ya fita ko ruwa bai sha ba, ya yi shekara biyu bai waiwayo ba. Yana can yana tura gadaje sai ya ji wasu likitoci sun fara binciken ciwon mantuwa. Suna neman tsofaffi su auna jininsu, su ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, don su gano alamar ciwon tun bai ci ƙarfin mutum ba. Gurbin masu shiga binciken ya riga ya cika. Ya yi kwana goma sha ɗaya yana tsayawa a ƙofar babbar likitar, wata gajeruwar mace mai tabarau, har ta gaji ta rubuta sunan Inna. Ya taho gida, ya kwance igiyar da hannunsa Marka na zagin sa, ya goya uwarsa ya ƙetare gulbi da ita ruwa iya ƙirji, tana ta gaishe da waɗanda ba ya gani a bayansu.

A asibiti aka ɗebi jini, aka sa kanta a na'ura. Likitar ta tambayi yadda ciwon ya fara. Nomau ya ce mantuwa ce kawai. Hajo, da ta iske su can, ta ce ita ma haka ta sani. Marka na zaune a bakin ƙofa ta juya musu baya, don dole ce ta kawo ta. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Su da ba sa nan, me suka sani? Ƙafa ce ta fara, shekarar da gulbi ya ci gonar Kawu. Fitsari sai da damina ta zagayo. Mantuwa ita ce ta ƙarshe." Likitar ta ajiye alƙalami ta sa ta sake faɗa. Sannan ta ce kowane mutum akwai ruwa a kansa da ke zagayawa yana fita, kamar ruwan kwata. In hanyar ta toshe yakan taru ya danne ƙwaƙwalwa, kuma da ƙafa yake farawa. Ba don wannan jerin da Marka ta riƙe ba, da an sa Inna cikin masu mantuwar tsufa an sallame ta. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce, a sa allura a gadon bayanta a zuƙe ruwan kaɗan a gani.

Nan Kawu Maikano, yayan Inna, wanda shi ne babba a dangi, ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce duk wanda aka zuƙe wa ruwan baya, in bai shanye ba to ya rabu da haihuwa, kuma ba mai huda masa ƙanwa yana raye. Aka yi kwana biyu ana lallashi. A rana ta uku Hajo ta ji ana cewa masu binciken na karɓar ruwan lafiyayyun dangi don kwatantawa. Ba ta shawarci kowa ba, ba ta aika wa mijinta ba. Ta ce, "Kawu, zo ka zauna nan ka buɗe ido. In na shanye, ka hana. In na tashi, ka sa hannu." Ya ce, "Ke da ko ɓari ba ki taɓa yi ba?" Ta ce, "To ai ka ga ba abin da za su zuƙe." Ta kwanta ta naɗe kamar jinjiri aka soka allurar. Ta yi kwana biyu da ciwon kai, ta tashi ta taka a gabansa. Kawu ya dangwala yatsa. Mijinta ya yi wata uku ba ya cin tuwonta, kuma har yau ba ta haihu ba. Likita ta ce ba ruwan allura, amma je ka faɗa wa dangin miji.

Aka zuƙe wa Inna ruwa da hantsi. Abin da ta iya tunawa shi ne kamar an ɗauke mata tulu daga ka. Kafin la'asar ta sauko daga gado, ta taka har taga ƙafarta ba ta manne ba. Ta juyo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya fito da ni cikin maza ba mayafi?" Marka ta durƙusa tana kuka, don yau ba a kira sunanta ba. Kwana biyu Inna tana nan garau. A na uku ƙafar ta sake mannewa, ta dubi bangon asibiti ta ce, "Marka, ɗora ruwa, sun iso." Likitar ta ce abin da take jira ke nan. Aka yi aiki, aka sa siririn bututu ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki, ruwan ya samu hanya. Bayan wata guda Inna ta koma gida da ƙafarta, tana lissafa raka'o'inta daidai.

Da labarin ya tsaya nan, da ban tara ku ba.

Sakamakon jinin ya fito daga baya, kuma Nomau ya fara ji. A cikin jinin akwai alamar ɗayan ciwon, mantuwar da ba ta da magani, wadda bututu ba ya yi mata komai. Ya roƙi likitar ta bari shi zai faɗa, ya zo gida ya ce, "Inna, jininki lafiya lau." Ya gaya wa 'yan'uwansa a ɓoye, Marka ta ce a rufe. Hajo ta shiga ɗaki ta faɗa wa Inna duka, ko zama ba ta yi ba, ko sassautawa babu.

Inna ta sa aka mai da ta gaban likitar. Ta ce, "Ni da na rufe idon mata sun fi ɗari, ni za a ɓoye wa? Faɗa mini." Likitar ta ce, "Inna, kin san garin itacen da gara ke zubarwa a ƙasa tun azara ba ta karye ba? Shi muka gani. Ko shekara uku, ko shida, Allah ne ya sani." Ta ce akwai maganin da ake gwadawa, wataƙila ya rage wa ciwon gudu, wataƙila ya wahalar da ita a banza. Ranar da hankali zai tafi, dole a samu wanda zai ce a ci gaba ko a tsaya, a kwantar da ita a asibiti ko a bar ta a ɗakinta. Ta miƙo takarda mai layi ɗaya, ta ce a kawo ta ran Alhamis da suna. Inna ta ce, "Uku na haifa. Rubuta uku." Likitar ta ce, "Mun taɓa rubuta uku. Suna tsaye a ƙofar nan suna gardama har mai ciwon ya cika."

Ran Laraba, rana tsaka, Inna na zaune a tsakar gida da takardar a ƙarƙashin faifai. Akwai abin da ba ta gaya wa likita ba, ba ta gaya wa 'ya'yanta ba. Matan ba su tafi ba. Da aka sa bututun ja da baya kawai suka yi, suka koma bayan danga, tana hango fararen kawunansu ta saman zana. Yau kuwa ta ga ta farkonsu ta sako ƙafa ɗaya ciki, inda ta taka ƙasar ta jiƙe. A ƙarshen jerin, kusa da Yalwa mai koko, sun bar gurbin mutum ɗaya.

Ta yi tunanin Marka, da ta san yunwarta da ƙishirwarta tun ba ta buɗe baki ba, kuma ta san inda igiyar take rataye. Ta yi tunanin Nomau, da ya san kowace ƙofa a asibiti, wanda ya gudu sau ɗaya, ya kuma yi mata ƙarya don tausayi. Ta yi tunanin Hajo, da ta ba da bayanta ba ta ƙifta ido ba, wadda ba ta shawara da kowa, kuma fitarta daga gida sai miji ya yarda. Ta ɗauki faifan daga kan takardar, ta ce su zo su uku. Suka durƙusa a gabanta, bayansu na fuskantar danga.

Ni a nan na tsaya. Ba don Marka ba, da Inna ba ta kai asibiti da rai ba, kuma da ba a gane ciwon ba. Ba don Nomau ba, da tana nan a turke. Ba don Hajo ba, da allura ba ta taɓa ta ba. Kada wanda ya ce mini a haɗa su, layin ɗaya ne. To, ranar da matan nan za su gama shigowa, Inna ta kasa cewa komai, wane ne a cikin ukun nan ya cancanci ya yi magana da bakinta?