Tukunyar da Aka Tarar Babu Komai a Ciki

Akwai wani mutum, makiyayi, yana da 'ya'ya biyu, namiji da mace. Da damina sukan zauna a gindin duwatsu. In rani ya yi, ciyawa ta ƙare, sai ya kora tumakinsa ya haye duwatsun zuwa wani kwari mai nisa, inda kogi ba ya ƙafewa. Hanyar ƙafa ce, doguwa, tafiyar kwanaki masu yawa. Wani wuri takan bi ta kan falalen dutse inda sawu ba ya fitowa, wani wuri kuma ta rabu biyu, ɗaya ta nufi ruwa, ɗaya ta ƙare a bakin kwazazzabo. Ba wanda ya san ta sai shi kaɗai.

Da mutumin nan ya ga ƙarfinsa ya fara raguwa, ya ce a ransa, "In na mutu yau, hanyar nan ta mutu tare da ni." Sai ya samo icce mai tauri, ya zauna yana sassaƙa ƙananan hatimai. A kan kowane hatimi ya zana siffar wani wuri da ke kan hanyar: kuka mai rassa biyu, dutsen da ya tsage a tsakiya, mashigin rafi, da sauransu. Ya sa kowane hatimi a cikin 'yar tukunya mai murfi, tare da ɗan kurtun tawada.

Sa'an nan ya kira 'ya'yansa, ya ba kowannensu farin ƙyalle. Ya ce, "Zan yi gaba in ɓoye tukwanen nan a kan hanya. Ta farko tana cikin kogon tsamiyar da ke bayan gari. In kun same ta, ku shafa wa hatimin tawada, ku buga a ƙyallenku. Siffar da ta fito, ita za ta nuna muku inda ta gaba take. Amma ku mayar da hatimin, ku rufe tukunyar kamar yadda kuka tarar da ita. Zan jira ku a bakin kogi."

'Yar ta ce, "Baba, ba tare za mu tafi da Yaya ba?"

Ya ce, "A'a, 'yata. In kun tafi tare, shi zai dubi hanya, ke kuwa bayansa kawai za ki duba. Bari ya fara, ki bi shi bayan 'yan kwanaki."

Ya bar tumakin a hannun ƙanensa, ya ɗora tukwanen a kan jaki, ya tafi.

Da lokaci ya yi, ɗan ya kama hanya. Ya sami tukunya ta farko, ya buga hatimin, ya mayar, ya rufe. Haka ya yi da ta biyu da ta uku. Tafiyar ta yi masa daɗi, gama neman tukwanen ya sa yana ganin abin da da bai gani ba. Ya lura ubansa bai ɓoye tukunya a banza ba. Wannan tana kusa da marmaro, waccan tana ƙarƙashin inuwar da garke zai iya hutawa, wata kuma tana daidai inda hanya ta rabu.

Da ya kai tsakiyar duwatsu, ya warware ƙyallensa, ya ga zufa ta jiƙa shi, wasu siffofin sun dushe. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Da wannan zan nuna wa Baba na bi hanya? Zai ce tsallake na yi." Ya dubi hatimin da ke hannunsa, ya ga kyan sassaƙar, aikin hannun ubansa. Ya ce, "Bari in ɗauki wannan guda ɗaya. Ƙanwata tana da wayo, za ta bi sawuna." Ya haddace siffar, ya jefa hatimin a jaka, ya rufe tukunyar, ya wuce. Bai tuna ba cewa a kan dutse yake tafiya.

A tukunya ta gaba abin bai yi masa nauyi kamar na farko ba. Ya ga kuma ɗauka ta fi bugawa sauri, ba shafa tawada, ba jiran ta bushe. Tun daga nan bai ƙara warware ƙyallen ba. Yakan duba, ya jefa a jaka, ya yi gaba, har ya gangara kwarin, ya hangi ubansa zaune a bakin kogi.

Ya gaishe shi da murna, ya zazzage jakar a gabansa. Ya ce, "Baba, dubi. Ba siffarsu kaɗai na kawo maka ba, su kansu na kawo."

Tsohon ya daɗe yana kallon hatiman a ƙasa. Sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "Ƙanwarka fa? Me ka bar mata?"

Ɗan ya durƙusa yana kwashe hatiman da sauri, ya ce, "Yanzu zan koma in mayar da su."

Uban ya ce, "To, wanne za ka sa a wace tukunya?"

Ya juya su a hannunsa, sun cakuɗe. Ya warware ƙyallensa don ya ga yadda suke bi da bi, sai ya tarar rabinsa fari fat. Ya bi hanyar da ƙafarsa, amma ba ta zauna masa a kai ba. In ya sa hatimi a tukunyar da ba tasa ba, zai tura mai zuwa bakin kwazazzabo ne.

Uban bai tsawata masa ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa, ya tashi da ƙyar. Ɗan ya ce, "Baba, ƙafarka ba za ta iya hawan nan kuma ba." Ya ce, "'Yata tana can."

Suka kama hawa. Tsohon yana tafiya yana hutawa, wani wuri ɗan ya riƙe shi, wani wuri ya goya shi. Duk tukunyar da suka iso, uban yakan zaɓi hatiminta ya miƙa masa, ya jira har ya buga a ƙyallen, ya mayar, ya rufe. Ɗan yana so su yi sauri, amma uban ya ce, "Buga. Wata rana ba na nan."

Bayan kwanaki suka iso tsakiyar duwatsu. Can suka same ta zaune a inuwar dutse, tukunyar tana buɗe a gabanta. Ta rame, leɓunanta sun tsage, ta yage gefen farin ƙyallenta ta ɗaure ƙafarta. Ta gwada hanyar dama, ta kai ta bakin kwazazzabo, ta zame ta ji ciwo. Da ta dawo, ba ta ƙara yarda ta gwada wata ba. 'Ya'yan kanya take ci, da ɗan ruwan da ke tsattsafowa daga dutse.

Da ta ga ubanta, ba ta tashi ba. Ta ce a hankali, "Baba, yunwa ba ta dame ni kamar wannan tukunya ba. Kullum sai in buɗe ta in sake dubawa. Na ce ko ka ƙidaya mu, ka manta da ni."

Uban ya zauna kusa da ita a ƙasa, ya ba ta gorarsa ta sha. Ya ce, "Tun ina sassaƙa su, ke nake tunani."

Ɗan ya matso, ya ciro hatimi na ƙarshe daga jakarsa, ya ajiye a tafin hannunta. Ya ce, "Baba bai manta da ke ba. Ya sa hatimin. Ni na ɗauke."

Ma'anar wannan misali ita ce, makiyayin nan Allah ne, doguwar hanyar kuwa ita ce tafiyarmu ta bangaskiya. Ubangiji bai nuna mana hanyar duka a rana ɗaya ba. Yakan ba mu abin da zai kai mu zango na gaba, domin mu riƙa tafiya muna dubawa, muna koyo. Farin ƙyallen zuciyarka ce. Abin da ka ji a cikin Maganar Allah, in ba ka tsaya ka buga shi a zuciya ba, kaya ne kawai a jaka, ranar da kake bukatarsa ba za ka san wanne ne wanne ba.

Na ji labari cewa a wasu ƙasashe, masu tafiyar ƙafa a dogayen hanyoyin daji suna da wani wasa irin wannan. Sukan ɓoye ƙananan akwatuna da hatimi a ciki, wasu su bi kwatance su nemo. Ƙa'idarsu ita ce, ka buga, ka mayar, ka rufe, domin akwai mai zuwa a bayanka wanda ba ka sani ba. In masu wasa sun gane wannan, ashe mu ya fi kamata mu gane.

'Yan'uwa, ba wanda ya iso inda yake yau da wayonsa. Wata ta zauna ta koya maka karatu ba ta karɓi komai ba. Wani ya zo ya yi addu'a tare da kai lokacin da kowa ya guje ka. An yafe maka abin da kai kanka ka san bai cancanci yafewa ba. Duk waɗannan ka tarar da su ne a hanya, an ajiye domin ka da waɗanda za su biyo ka. In ka karɓi gafara ka hana wa ƙanenka, in an koya maka ka ƙi koya wa kowa, ka kwashe hatimin ke nan ka bar tukunya.

Ɗan nan ba mugu ba ne. So yake ya faranta wa ubansa rai, amma ya manta cewa uban yana da wata 'ya. Abin da ya yi mata ya fi yunwa da ciwon ƙafa, gama ya sa ta yi shakkar ƙaunar ubanta. Akwai irinta a cikinmu, wataƙila a kan bencin da kake zaune. Sun daina zuwa sujada, ko suna zuwa amma sun daina sa rai, suna cewa Allah ya manta da su. Uban ya riga ya ɗauki sandarsa ya nufi wurinsu. Kafin ka bi shi, ka buɗe jakarka ka duba, ko abin da suke jira yana wurinka.