Kwalbar da Aka Cika a Famfo

Akwai wani ma'aikacin hukumar ruwa da abokan aikinsa ke kira Anjima, don duk abin da aka sa shi, amsarsa ke nan. Ba mugun mutum ba ne, son jiki ne ya yi masa katutu. Kowace safiya aikinsa shi ne ya duba gwangwanin awon ruwan sama a bayan ofis, ya karanta inda ruwa ya kai a jikin sandar da ke kafe cikin tafki, sannan ya gangara bakin rafin da ke zuba a tafkin ya ciko kwalba a kai ɗakin gwaji. Gangaren nan ga nisa ga santsi. Sai ya ɓullo da dabara: ya cika kwalbar a famfon ofis, ya manna mata takarda ya miƙa. Wata biyu yana haka, sakamako kullum lafiya lau.

Wata safiya, bayan an kwana biyu ana tafka ruwa, wani tsohon masunci ya shigo ofis, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Ɗana, ka leƙa bakin rafi yau? Kifi sai juya ciki sama yake, ruwan kuma warin maganin feshi yake yi."

"To Baba, anjima zan duba."

Tsohon ya ja kujera ya zauna daram. "Zan jira ka. Ban iya karatun kwalba ba, amma hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Jikokina ruwan nan suke sha. Naka 'ya'yan fa, daga wane tafkin ake kai musu?"

Anjima ya dubi kwalbar da ya riga ya cika a famfo, ya tuna cewa da azahar ake kunna injin da ke tura ruwa cikin gari. Ya zubar da ruwan, ya bi tsohon. Tun kafin su kai gaɓa warin ya doki hancinsa. Ya cika kwalbar, ya haura da gudu, taɓo har ƙugu.

Matar da ke ɗakin gwaji ta gwada ruwan, ta ɗago ta zuba masa ido. "Wannan ba daga inda ka saba ɗebowa yake ba."

"Gaskiya ne, Malama. Na baya duk na famfo ne."

Ba ta tsaya faɗa ba, ta buga waya aka hana kunna injin. Daga baya aka gano ambaliya ce ta rusa wani ɗakin ajiyar maganin ƙwari a gonakin da ke sama, ta kwaso shi cikin rafi. Kwana biyar ana raba wa gari ruwa a tanka, amma ko yaro ɗaya bai kwanta ciwo ba.

An dakatar da Anjima daga aiki mako biyu, ya karɓi takardar dakatarwar da hannu biyu. Daga ofis gidan tsohon ya nufa, ya durƙusa a gabansa.

"Baba, da ka tafi ranar nan, da ban san da wane ido zan kalli 'ya'yana ba. Allah ya saka da alheri."

Tsohon ya yi dariya. "Tashi mana, ɗana. Ni zama kawai na yi, kai ka yi gudun."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, babu ƙaramin aiki idan rayukan mutane na rataye da shi, ko da ba mai ganinka lokacin da kake yinsa. Wanda kuma ya matsa maka ka yi daidai, ba takura maka ya yi ba, cetonka ya yi, sai ka gode masa.