Rufin Motar Iya Tabawa

An yi wani mutum a wani gari, can shekarun baya, wani bawan Allah ana ce masa Sallau mai tamfol. Sana'arsa ke nan, ɗinkin tamfol na rufin motoci da rumfunan kasuwa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Shi kansa rumfar da yake aiki a ciki duk ta yage, rana na dukansa tun hantsi har la'asar. Amma yana da wani tamfol mai kauri, ruwan ƙasa, wanda ya naɗe ya adana shekara biyu, yana cewa wata rana zai rufe rumfarsa da shi ya huta.

To, ku saurara.

Ran nan sai ga wani tsohon direba, Baba Jatau, ya tuƙo wata tsohuwar bas. Da can ya sa an ɗaga mata rufi da ƙarfe don ya riƙa kwana a ciki in tafiya ta yi nisa. Yanzu rufin duk tsatsa ta cinye shi.

Ya ce, "Sallau, so nake a cire rufin nan, a sa na yadi, wanda za a riƙa ja ya buɗe, a ja ya rufe."

Sallau ya ce, "Baba, mota da labule a ka? Me ya yi zafi?"

Tsohon ya ce, "Uwargidana ce, Iya Tabawa. Shekara bakwai tana kwance, rabin jikinta ya shanye. Ta ce in kai ta garinsu ta ga danginta. Ta ce, Malam, na gaji da kallon rufin ɗaki, kada ka sake sa ni ƙarƙashin wani rufin. Ina so in tafi ina kallon sama."

Sallau ya dubi ledojin tamfol da yake yi wa kowa aiki da su. Ya san iskar hanya za ta kece su kafin a yi nisa, kuma ya san tsohon nan ba zai gane bambanci ba. Ya ɗaga kai ya dubi ranar da ke dukansa. Sai ya tashi ya shiga ciki ya ɗauko naɗinsa na shekara biyu, ya sa almakashi.

Aka kira mai walda ya yanke tsohon rufi, ya kafa sandunan ƙarfe biyu, dama da hagu. Sallau ya ɗinka zobba a gefen tamfol, ya shafe kowane ɗinki da kakin zuma don kada ruwa ya bi. Aka ja, ya buɗe. Baba Jatau ya ce, "Madalla, ya yi!"

Sallau ya ce, "Bai yi ba, Baba. Mu ne muka ja, mu masu hannu biyu, muna tsaye."

Jama'a, kun san abin da ya yi? Ya shimfiɗa tabarma a cikin motar, ya kwanta rigingine, ya soke hannunsa na dama cikin riga, ya ja igiya da hagu. Ta cije. Ya tashi ya farke ɗinkin. Washegari ya sake kwanciya, ta sake cijewa. 'Yan tasha suna wucewa suna dariya, suna cewa Sallau ya zautu. Bai kula su ba. Kwana tara yana kwanciya yana tashi, yana kwanciya yana tashi, har ranar da ya ja da yatsu uku kawai tamfol ya zame sululu.

Ranar tafiya Sallau ya bi su, ko wani abu zai lalace a hanya. Da suka fita gari, Iya Tabawa ta miƙa hannunta mai lafiya ta ja igiyar da kanta. Sama ta buɗe mata. Farkon damina ne. Gajimare fari fat yana tafiya a hankali kamar yana rakiyarsu. Rassan ɗorawa suna wucewa, inuwa ta sauka a fuskarta, haske ya biyo, inuwa ta sake sauka. Can sama shamuwa biyu suna shawagi, ba sa ko kaɗa fiffike.

Ta ce, "Malam, rage gudu. Ashe duk suna nan."

Sai yayyafi ya fara. Sallau ya kai hannu zai rufe, ta ce, "Bari, ɗan nan. Bar shi ya taɓa ni." Ruwa yana ɗiga a goshinta, ta lumshe ido tana murmushi, tana kiran sunayen ƙauyukan da ke gaba ɗaya bayan ɗaya. Sallau ya juyar da kai yana share ido. Da ruwa ya yi ƙarfi ita ta ja ta rufe, ko ɗigo bai shigo ba.

Ta ga danginta, ta yi daminar nan a cikinsu, da kaka Allah ya karɓi abinsa.

'Yan'uwa, abin da nake so ku riƙe ke nan. Amana a sana'a ba ta ƙarewa a kan mai aiki ya ce ya yi. Kai tela, kai magini, ke mai jinyar tsohuwa a gida, kafin ka ce ka gama, sa kanka a inda mai amfani da abin yake, ka ja da hannun da yake da shi. Ko mutum bai gane ba, Allah yana gani. Allah ya sa mu kyautata.