Kafintan da Yake Tsallake Tsakiyar Labari

Akwai wani kafinta da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya tilo, yarinya da ba ta daɗe da shiga firamare ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Mamana yake kiranta.

Cikin abin da matar ta bari akwai wani kwali cike da tsofaffin littattafan labari da faya-fayan fim ɗin yara. Da ita ce take karanta wa yarinyar. Bayan rasuwarta sai aikin ya dawo kansa. Karatunsa bai yi nisa ba, da yatsa yake bin layi, amma kullum ya dawo daga shago sai ya kakkaɓe garin katako daga jikinsa ya zauna ya yi.

Wata rana suna kallo aka zo wani wuri mai ban tausayi, yarinyar ta yi kuka har ta yi amai. Tun daga ranar rimot bai sake barin hannunsa ba. Da ya ga fim ya fara duhu, ko jarumin zai yi wani abin kunya, sai ya danna ya wuce zuwa inda ake rawa da murna. Littafi ma haka. Ya lashi yatsa ya haɗa shafuka ya juya, ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Yayarsa, wadda yarinyar take kira Gwaggo, ta taɓa kama shi yana yi.

Ta ce, "Kai, da haka kake haɗa wa mutane kujera, kai da ƙafa babu wurin zama, ai da tuni an kai ka ƙara."

Ya ce, "Yaya, abin kukan da ta gani a duniya ya ishe ta."

"To, shugaban masu tausayi. Allah ya ba da sa'a."

Shi dai a ganinsa ya rufe wa baƙin ciki ƙofa.

Wata Asabar ya kai yarinyar gidan Gwaggo ta wuni, don ta yi wasa da 'yar Gwaggon, wadda ake kira Doguwa. Da ya je ɗaukar ta ya tarar da gidan shiru. An fasa tabarau ɗin Gwaggo, wanda ba ta iya zura zare a allura sai da shi. Doguwa tana rakuɓe a bayan ƙofa, idanunta sun kumbura.

Gwaggo ta ce, "Ba fasawar ce ta ƙona min rai ba, musun ne. 'Yarka ta gan ta riƙe da shi, amma tana ta rantse-rantse. Ta sha bulala kuwa."

Kafinta ya ba da haƙuri, ya kama hannun 'yarsa suka tafi.

Daga ranar yarinyar ta canja. Abinci sai ta juya cokali ta ture. Fim ta ce ba ta so. Littafi ta ce kanta yana ciwo. Idan ya tashi zai tafi shago sai ta riƙe masa riga, in sun je kuma ta zauna a kan buhun garin katako tana kallon sa yana zarto. Ya kai ta asibiti, aka duba aka ce lafiyarta ƙalau. Shi ma sai aikin ya fara kuɓuce masa, har ya buga wa kansa guduma a yatsa, abin da ya manta rabon da ya yi.

Wata rana da la'asar yana neman tsintsiya sai ya ga jakar makarantarta a bayan ƙofar ɗaki, ta kumbura. Ya buɗe. Babu littafi ko ɗaya. Rigunanta ne a ciki, da buroshin haƙori, da ɗankwalin uwarta.

Ya kira ta. Ta zo ta tsaya nesa da shi.

"Mamana, tafiya za ki yi ba ki gaya wa ɗanki ba?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na shirya ne saboda ranar da za ka kore ni."

"Ni? In kore ki zuwa ina?"

"Inda ake korar mugaye."

Ya tsuguna a gabanta. Da ƙyar maganar ta fito. Ita ce ta zauna a kan tabarau ɗin. Da Gwaggo ta tambaya, tsoro ya kama ta, ta ce ta ga Doguwa da shi. Tana tsaye aka yi ta dukan Doguwa.

Ya ce, "Kin yi laifi, amma wa ya ce miki ke muguwa ce?"

Ta ce, "Baba, masu kirki ba sa ƙarya. A duk fim ɗinmu da littafinmu ban taɓa ganin mai kirki ya yi ƙarya ba. Mugu ne kawai yake yi, shi kuma korar shi ake yi a ƙarshe."

Gaskiya ta faɗa. Ba ta taɓa gani ba, domin shi ne bai bari ta gani ba.

Abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne ya ce ta manta, zai saya wa Gwaggo sabon tabarau, magana ta ƙare. Har ya buɗe baki. Sai ya haɗiye.

Ya tashi ya ɗauko faifan da ta fi so, na wani ɗan kurege da abokinsa kunkuru. Ta san farkonsa, inda suke wasa, ta san ƙarshensa, inda dabbobi suke rawa. Ya kunna, ya ɗora rimot a can saman kabad, ya dawo ya zauna kusa da ita.

Aka zo inda ya saba tsallakewa. Kurege ya ɓarar da ruwan da dabbobi suka tara don rani, ya ce kunkuru ne. Aka kori kunkuru daga gari.

Yarinyar ta juyo. "Shi ma ya yi ƙarya? Ai shi ne mai kirkin."

"Shi ne. Ki ci gaba da kallo."

Ta ga kurege ya kasa cin abinci. Ta gan shi ya tsaya a gaban dabbobi ya faɗi gaskiya. Ta ga ya je wurin kunkuru, kunkuru ya shige cikin ƙoƙonsa ya ƙi fitowa, shi kuma ya yi ta ɗebo ruwa daga nesa har ƙafafunsa suka tsage. Kuka take yi sosai. Kafinta ya dubi saman kabad, ya danne hannayensa a ƙarƙashin cinyoyinsa.

Fim ya ƙare. Can ta ce, "Za ka raka ni?"

Suka tafi. A tsakar ɗakin Gwaggo ta tsaya ta faɗi komai, shi yana bakin ƙofa bai sa mata baki ba.

Gwaggo ta zauna a hankali, ta dubi hannunta, ta dubi 'yarta. Wannan karon ba ta da abin tsokana. Ta ce, "Ashe ni ma akwai wadda zan roƙa."

Yarinyar ta matsa kusa da Doguwa. "Ki yafe min."

Doguwa ta ce, "Kina tsaye kina kallo. Ko tari ba ki yi ba." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

A hanya yarinyar ta riƙe yatsan ubanta.

"Baba, yaushe za ta huce?"

Yana so ya ce gobe. Ya ce, "Ban sani ba, Mamana."

Suka ƙara 'yar tafiya.

Ta ce, "To, gobe ma ka kawo ni."

Darasi: Yaron da ba a bari ya ga mutumin kirki ya yi kuskure ya gyara ba, ranar da ya yi nasa zai ɗauka shi kenan ya lalace. Idan kuna karanta wa yara labari ko kuna kallo tare, kada ku yanke musu wurin kunya da nadama. Ku zauna kusa da su a wurin. Wanda ya san wani uba ko uwa mai saurin danna rimot, ya tura masa wannan.